Daɓen Ɗakin Ɗinki

Ɗakin baya ya fara rabuwa da gidan tun matar mai gidan tana da rai, sai dai a lokacin da kunya yake yi. Tsaga ce siririya kamar zare, daga kusurwar taga zuwa ƙasa. Duk shekara ita da kanta take kwaɓa siminti a tsohon kwano ta liƙe, duk shekara tsagar ta dawo. Da ta rasu babu mai liƙewa, ɗakin kuwa ya ajiye kunya gefe. Kafin damina ta biyu ta wuce, mutum na iya zura hannu tsakanin bangon ɗakin da na gidan ya gaisa da na waje.

Mijinta, wanda unguwa ke kira Mai Sikeli saboda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana bin kasuwanni yana duba ma'aunan 'yan kasuwa, ya ga tsagar sarai. Wanda ke gane sikelin da aka yi wa coge tun daga bakin shago ba zai kasa ganin bangon da ya karkace ba. Abin da ya yi shi ne ya jawo kabad ya tare wurin.

Autarsa ce ta janye kabad ɗin. Injiniya ce, amma ba irin masu zana benaye a buga hotonsu ba. Aikinta ƙasa, abin da ke ƙarƙashin gini, inda babu mai gani balle ya yaba.

"Baba, tun yaushe?"

"Tun yaushe me?"

"Haske na shigowa ta bango."

"Uwarki ta daɗe tana cewa ɗakin ya yi duhu."

Ba ta yi dariya ba. Washegari ta zo da mutane da wani dogon ƙarfe mai murɗaɗɗen baki, suka huda ƙasa a gindin bangon. Abin da ya fito baƙar laka ce mai wari, haɗe da fasasshiyar kwalba da dunduniyar wani takalmi da mai shi ya daɗe da mantawa da shi. Babban gidan a kan tsandauri yake. Ɗakin baya kuwa, wanda aka ƙara daga baya don matar ta samu wurin ɗinki, a kan tsohon kududdufi yake zaune, wanda unguwa ta cike da shara ta kira shi fili.

Aka kira Kawu, ƙanin marigayiyar, magini, wanda shi ya gina ɗakin da hannunsa. Ya tsuguna ya murza lakar a yatsa, ya shinshina, ya share a wando.

"Ni na gina, ban musa ba. Amma ba ni na halicci ƙasar ba, Injiniya."

"Ba wanda ya ce kai ne, Kawu."

"Idon ubanki ya ce."

"Idona bai ce komai ba," in ji Mai Sikeli. "Tun ranar da ka gina mana murhun da ke mayar da hayaƙi cikin ɗaki idona ya daina magana a kanka."

Maganin da Auta ta kawo a bayan motarta yake, a nannaɗe kamar tabarma. Raga ce ta baƙar roba, mai tauri, idanunta murabba'i, kowane ido ya isa yatsa biyu su wuce. Ta ce sunanta jiyogirid. Mai Sikeli ya zura yatsa a ido ɗaya ya kaɗa shi ta ɗaya gefen.

"Da wannan za ki riƙe ɗaki? Ko ɗan tsako sai ya yi niyyar zama zai zauna a cikinta."

Ba ta yi gardama ba. Ta samo tsohuwar garwa da gindinta ya cire, ta kafa a tsakar gida, ta cika da fasasshen dutse, ta zare garwar. Tsibin ya baje. Ta sake kafa garwar, wannan karon tana zuba dutse kaɗan, ta shimfiɗa yankin raga, ta ƙara dutse, ta ƙara raga, har ta cika. Da ta zare garwar sai tsibin ya tsaya cak kamar turmi.

"Kawu, hau."

"Ni za ki yi gwaji da ni? Ga ubanki nan, ya fi ni rashin amfani."

Ya hau. Ya ɗaga ƙafa ɗaya. Ya ɗan yi tsalle, tumbinsa na rawa. Ƙwaya biyu ko uku suka gangaro daga gefe, sauran ba su motsa ba.

"Dutse ba ya nutsewa sai ya samu hanyar gudu ta gefe," in ji ta. "Ragar tana kama shi. Kowace ƙwaya ta faɗa ido ta maƙale, ta riƙe ta kusa da ita. Sai su zama kamar faifai ɗaya. Nauyin ɗakin, maimakon ya soki lakar a wuri ɗaya, sai ya bazu."

Wannan Mai Sikeli ya gane. Nauyi ne sana'arsa. Ya san buhun da ke huda rubabben katako in an tsayar da shi, in an kwantar da shi katakon na ɗauka.

"To a zura ta ƙarƙashi," ya ce.

"Ba a zura ta, Baba. Shimfiɗa ta ake yi kafin a ɗora gini. Za a kwashe lakar nan, a jera raga da dutse hawa hawa, a daɓe, sannan a zuba harsashi. Abin da ya riga ya tsaya sai an sauke shi."

Ya daɗe yana kallon ragar.

"Yawancin magunguna haka suke. Kafin ciwo suke aiki."

Bai damu da bangon ba. Bai damu da rufin ba, wanda ya ce in iska ta taso ya fi shi tari. Da suka shiga ɗakin don a ga abin da za a fitar, sai ya tsaya a gaban taga, inda keken ɗinkin yake a lulluɓe da zane. Kawu da Auta suka ɗaga keken suka fitar da shi falo. A inda ya tashi, daɓen siminti ya nuna ramuka huɗu, ƙanana, kamar an danna babban yatsa a ƙullu. Ƙafafun ƙarfen ne suka ci su a hankali, shekara da shekaru na jijjiga. Gefen hagu kuma akwai wani ɗan kwari mai faɗin tafin hannu, sumul, yana sheƙi. Nan take kafa dunduniyar hagu, domin da ƙafar dama kaɗai take taka keken, duk da an sha gaya mata ba haka ake yi ba.

Kayanta an raba. Zannuwa sun tafi wurin ƙanne, kwanuka wurin 'ya'ya, tabaranta ma wata gwaggo ta ce ya yi mata daidai. Keken kansa na kamfani ne, akwai dubunsa a duniya. Ramukan nan kaɗai ne abin da jikinta ya yi, ya bari, kuma babu wanda ya ga amfanin ɗauka.

"Nan wurin," in ji Mai Sikeli, yana nunawa da sanda, "simintinsa mai kyau ne. Asara ce a fasa shi."

"Mai kyau?" Kawu ya yi dariya. "Yaya, ni na zuba shi. Yashi ya fi siminti yawa, ita ta ce a yi tsimi don a sayi taga mai gila..."

Idonsa ya sauka inda sandar ke nunawa. Bai ƙarasa ba. Ya cire hula ya sosa kai, ya mayar.

Auta ma ta gani. A ƙarƙashin keken nan ta yi rarrafe, tana tsintar ƙyallaye, dunduniyar uwar tana ture ta in ta matsa kusa da bel ɗin keken.

"Ana iya yanko shi," ta ce. "A ajiye gefe. In an gama a mayar da shi cikin sabon daɓe."

"Tunda mai kyau ne," in ji Kawu.

"Tunda mai kyau ne," in ji ta.

Haka mutum uku suka yarda a kan ƙarya ɗaya, don kada ɗayansu ya faɗi gaskiyar da duk sun sani. A gidan nan ba a saba faɗin irin wannan ba. Shekarun da Mai Sikeli ya yi da matarsa, babu wanda ya taɓa jin ya yabi ko miyarta. Ranar jana'iza abin da aka ji ya ce shi ne a duba ko an kashe fanfo.

Masu rushewa suka zo. Kafin su taɓa bango, aka kawo injin yanka, aka yanko daɓen kamar girman ƙyauren ƙofa, aka zura katakai ƙarƙashi, ƙarti suka ɗauke shi suna nishi suka ajiye a gindin katanga kusa da ƙofar gida. Ya fito lafiya, ko gefe bai ɓalle ba. Da rana ta take, Mai Sikeli ya fito ya tarar leburori sun mai da shi teburi. Ɗaya ya zauna a kai, ɗaya ya ajiye kofin shayi daidai cikin kwarin dunduniyar, domin nan ne kofi ke zama bai zube ba.

Bai yi faɗa ba. Ya sa aka baza lallausan yashi mai danshi, aka daidaita, aka kifa daɓen a kai, fuskarsa ƙasa. Yanzu rana ba za ta taɓa ta ba, balle takalmi ko kofi. Abin da ke kallon sama shi ne bayansa, mai kaushi, da busasshiyar ƙasa manne, ba shi da bambanci da duk wani ɓaraguzai.

Kawu ya zo da gwangwanin fenti.

"Bari in rubuta a kai, Yaya."

"Ka rubuta me?"

"Kada a fasa."

"Sai duk wanda ya wuce ya tambayi dalili. Kai za ka tsaya kana ba su amsa?"

Kawu ya mayar da murfin gwangwanin.

Ƙurar rushewa ta kama ƙirjin tsohon. Da tarin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, likita ya ce ya bar gidan sai ƙura ta kwanta, Auta ta kai shi wurin ƙanwarsa a ɗaya gefen gari. Can ya zauna yana sauraron labarin ciwon gwiwarta, yana kallon agogo. A bayansa masu rushewa suka gama suka tafi, su da suka san daɓen da abin da aka ce game da shi. Aka haƙa rami zurfin tsayin mutum, tifa ta kwashe baƙar lakar. Sannan wasu mutanen suka zo, ma'aikatan Auta, waɗanda suka san aikin raga.

Su kuwa suna da ƙa'ida, kuma ita ta koya musu. Tsohon siminti ba ya barin wurin aiki. Farfasa shi ake yi da guduma kamar girman ƙwan kaza, a haɗa da dutse a zuba a hawan farko, domin fasasshen siminti yana da kaifin baki, ya fi tsakuwar rafi cizon raga. Ta sha yi musu faɗa a kan haka har ya zame musu jiki. Da safen nan aka kira ta wani wurin aiki inda ramin gada ya cika da ruwa. Kawu ya tafi ɗauko injin daɓe. Ita ta ɗauka Kawu ya gaya musu, tunda shi ke kwana kusa. Shi ya ɗauka ta gaya musu, tunda mutanenta ne. Kowannensu ya ji sauƙi da ba shi zai yi bayanin ba.

Mai Sikeli ya dawo da la'asar, ba da izinin kowa ba, ɗauke da wani tsohon bargo da ƙanwarsa ta yar, wanda ya ga zai yi daidai da rufe daɓen saboda hadari ya fara haɗuwa. Ya shigo ya tarar da gidan tsaf. An share ɓaraguzai ƙal, abin da bai taɓa ganin ma'aikata sun yi ba tare da an yi musu tsawa ba. A gindin katanga babu komai sai shimfiɗar yashi.

Yashin ya riƙe sawu. Murabba'i mai faɗin ƙyaure, sumul, da 'yan tudu huɗu a tsaye, kamar an kifa ƙananan kofuna. Gefe kuma ga wani tudun mai faɗin tafin hannu.

Shugaban ma'aikatan, wani dogo mai fara'a, ya taso yana share hannu.

"Sannu da zuwa, Baba. Ka ga mun gyara maka gida."

"Akwai wani daɓe a nan."

"Babban nan? Ai mun ɗaga shi mun kai bakin rami. Da na gan shi na ce wannan zai ba mu wahala, ashe kamar biskit yake. Guduma biyu ya watse. Wanda ya zuba shi bai ji tsoron Allah ba."

"Ga shi can yana zuwa," in ji Mai Sikeli.

Kawu ya shigo riƙe da galan ɗin man injin. Ya kalli yashin, ya kalli surukinsa, ya ajiye galan a hankali kamar mai tsoron ya tashi wani daga barci. Jim kaɗan motar Auta ta tsaya a waje. Ta shigo da laka har gwiwar takalminta, tana fara ba da haƙurin jinkiri, sai idonta ya faɗa kan yashin.

"Kawu, ba ka gaya musu ba?"

"Mutanenki ne, Injiniya."

"Kai ne a nan da safe."

"Ku bari," in ji tsohon. "Ni na kifa shi."

Suka tsaya a bakin ramin. An riga an zuba hawan farko an daɓe shi, an shimfiɗa raga ta biyu a kai, a miƙe tsam, an kafe gefunanta da turaku, bakin kowane ƙyalle ya hau kan na kusa da shi. Aiki ne mai kyau. Babu abin da mutum zai nuna ya ce ga ganganci, wanda shi ne ya fi ciwo, domin babu wanda za a zaga.

"A ɗage ragar," in ji Auta, muryarta ba irin wadda take ba da umarni da ita ba. "A tone hawan nan."

Dogon ya kalle ta. "Ranki ya daɗe, an sami matsala a daɓen? Na auna, ya..."

"Na ce a tone."

"Ki tono me?" in ji ubanta. "Buhun tsakuwa? Ina da shi a waje."

Ta juya ta kalli gindin katanga. Ta je ta tsuguna gaban yashin, ba ta taɓa ba.

"Baba, sawun ya fito duka. In aka kewaye shi da katako aka zuba siminti mai ruwa a hankali, zai ɗauki komai. Ramukan za su fito yadda suke. Ba wanda zai bambance."

"Ni fa?"

Ta sake kallon yashin.

"Na yi aiki da ma'aunan da aka kwaikwaya," ya ce. "Wasu sun fi na gaske kyau. Abin da zai fito daga nan yashi ne ya yi shi. Ba ita ba."

Wannan ne karo na farko tun bayan jana'iza da ya ambace ta a gabansu ba da wasa ba. Kawu ya juya yana duba igiyar injin da ba abin da ya same ta.

Tsohon ya miƙa wa Auta bargon, ya ce a riƙe masa tsani. Suka ce ƙirjinsa, ya ce ba da ƙirji ake sauka ba. Ya sauka a hankali, ya tsaya a kan ragar. Ƙasa ce mai tauri ƙarƙashin ƙafarsa, ba ta ba da kai ko kaɗan, a wurin da da in ka taka sai ka ji kamar katifa. Ya yi ta tafiya a sunkuye yana leƙa idanun ragar ɗaya bayan ɗaya, ma'aikata sun yi cirko cirko a sama, ba wanda ya san me tsohon ya yar. Can wajen kusurwa ya durƙusa. A cikin ido ɗaya akwai gutsuren siminti da fuskarsa ke sama, sumul, mai ɗan sheƙi. Ko daga kwarin dunduniyar ne, ko daga bakin ƙofa inda kowa ke takawa, babu mai iya cewa.

Ya zura yatsa biyu ya kama. Ya ja. Gutsuren bai motsa ba. Kaifinsa ya ciji ragar, na kusa da shi sun danne shi ta kowane gefe. Ya sake ja har farcensa ya fashe.

Auta ta sauko ta durƙusa kusa da shi.

"A kawo wuƙa. Zan yanka wurin."

"In kin yanka fa?"

"Sai a ɗora wani ƙyalle a kai. Ana yi."

"Zai kai na da ƙarfi?"

Ba ta iya yi masa coge a ma'auni ba.

"Kusan."

Ya zare yatsunsa, ya duba jinin, ya share a riga.

"Bar shi. Kin ce aikinta ke nan, ta hana abu gudu. Karo ɗaya dai an sayar mini da abin da ke yin abin da aka ce yana yi."

Da ya hau sama, wani lebura na tsaye gaban shimfiɗar yashin da baro da shebur, yana jiran a ce masa wani abu, domin yashin kwaɓi ya ƙare kuma ya ga yadda manya ke kallon wurin. Mai Sikeli ya tsaya ya kalli 'yan tudun. Ɗigon ruwa na farko ya faɗo kusa da ɗaya, ya yi rami.

"Ɗiba," ya ce. Ya juya ga dogon. "Ku zuba dutsenku kafin ruwa ya sauko."

Ɗakin ya tashi. Kawu ya gina shi, wannan karon bai yi tsimin siminti ba, kuma bai yi wasa da kowa ba har ya gama. Damina ta zo ta wuce, wata ta biyo, ko tsaga kamar silin gashi ba ta fito ba. Maƙwabta da gidajensu ke kan kududdufin nan suka riƙa zuwa suna ƙwanƙwasa bango suna tambayar sunan ragar, Mai Sikeli yana ba su lambar 'yarsa daga bakin ƙofa, ba ya cewa su zauna.

Keken ya daɗe a falo. Sai wata rana da Auta ta zo, ya ce ta kama masa su mayar da shi. Da, in an turo shi kusa da taga, da kansa yake faɗawa cikin ramukansa, ka ji ƙwas, ya zauna. Yanzu daɓen shafal yake kamar gilashi. Keken ya gangara inda aka tura shi, ya tsaya inda aka sake shi.

"Nan ne," in ji ta.

"Matsa kaɗan wajen taga."

Ta matsa.

"Ya yi yawa. Dawo."

Ta dawo da shi. Ta tsaya, hannunta a kan keken, tana kallonsa.

"Nan, Baba?"

Ya kalli ƙafafun ƙarfen, ya kalli tagar, ya kalli daɓen.

"Ke da kika yi rarrafe a wurin," ya ce, "ba ki tuna ba?"

"Daga ƙasa nake kallo."

Suka bar shi a nan.